Taku Sittin Daga Gindin Tsamiya

Duk wanda ya ce muku Kyaftin ne ya gano kofin ƙungiyarmu, ku turo mini shi sito, ina da magana da shi. Ni ne mai kula da filin ƙwallon garin nan. Gajere suke ce mini, ban kuma taɓa musu ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina lallaɓa ciyawar nan da tiyo ɗaya da baro mai karkatacciyar ƙafa, don haka abin da ya faru a makon bikin cika shekara hamsin a gabana aka yi shi, a kan ciyawata kuma.

Ƙungiyarmu ba wata babba ba ce. Ma'aikatan tashar jirgin ƙasa ne suka kafa ta. Ta hau rukuni na sama sau uku, ta sauko sau huɗu, har yau ba wanda ya iya warware mana wannan lissafi. Kofi ɗaya tak muka taɓa ci, a shekarar farko, shi ma don motar abokan karawarmu ta mutu a hanya, alƙalin wasa ya jira har ya gaji ya busa usur. To, kofi dai kofi ne. Matsalar ita ce, cikin masu rai ba wanda ya san inda yake sai mutum ɗaya.

Mutumin nan kuwa yayan matata ne. Sau ɗaya ya taɓa jagorantar ƙungiya, ranar da ciwon ciki ya kwantar da 'yan wasa tara, amma tun daga ranar ba ya amsa wani suna sai Kyaftin. Ba shi kujera da minti biyar, zai ba ka labarin fenaretin da ya buga ya yaga raga, ƙwallon ya wuce ya karya reshen tsamiyar da ke bayan ragar gabas. Lokacin da na auri ƙanwarsa reshen bai fi kaurin yatsa ba. Yanzu ya kai cinyar sa.

A wannan shekara hukumar ƙwallo ta aiko da takarda cewa Sufeto zai zo ranar Asabar ya duba fili. In fili ya faɗi awo, za a rufe shi kakar wasa guda cur, mu riƙa buga wasannin gida a filin abokan gabarmu na garin gaba, waɗanda ko gaisuwa ba ma yi da su. Ni ba wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali ba. A rufe mini fili? Ciyawar da na shuka da hannuna, na san kowane taku nata, a ce ba ƙafar da za ta taka ta wata tara?

Shugaban ƙungiya, wanda kantin taya ne da shi a bakin kasuwa, ya tara mu a ɗakin sauya kaya. Ya ce tunda Asabar ɗin ce ranar cika hamsin, a haɗa biki da zuwan Sufeto, ya ga jama'a ya san ba wasa muke ba. Bai rufe baki ba Kyaftin ya miƙe.

"Shugaba, me za ku nuna wa baƙi? Benci? Ni da hannun nan nawa na binne kofinmu a tsakiyar fili, cikin akwatin ƙarfe. Iyayen ƙungiya suka dafa kaina suka ce, 'Yaro, kai ne amintacce, binne shi, a tono ranar cika hamsin.' Ranar Asabar, a gaban Magajin Gari, zan sa diga sau uku in ɗago shi sama!"

Na ce, "Yaya, tsakiyar wane fili?"

"Rami ɗaya ne, Gajere, kamar bakin tukunya. Kafin ka yi atishawa an mayar."

"Sufeto fa?"

"Sufeton da ya ga kofi zai tsaya kallon ciyawa?"

Aka ɗauki tafi. Ni kaɗai hannuna ke cikin aljihu.

Ranar Litinin da safe ya zo da diga da shebur, wai gwaji zai yi don ƙasa ta saki. Ya tsaya kan farin ɗigon tsakiya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya fara. Sara uku suka zama talatin. Da rana ta take ramin ya kai masa ƙugu, abin da ya samu kuwa murfin kwalba ne da tafin wani tsohon takalmi. Ya ɗaga tafin takalmin ya nuna wa 'yan wasan da suka zo atisaye, ya rantse nasa ne, da shi ya karya reshen tsamiya.

Golanmu ya leƙa ramin ya ce, "Baba Kyaftin, kofin ya yi nitso ne?"

Kyaftin ya share gumi ya dube ni. "Kai Gajere, tsaya. Yaya kake gane tsakiya in za ka ja layi?"

Na gaya masa gaskiya. Abu uku na gada daga Dogo, tsohon mai filin da ya koya mini aiki: baron nan, da wani tsohon mazubi mai hannu biyu da nake ɗiban farar ƙasa da shi, wanda farar ƙasar ta daskare masa ciki da waje, sai ƙa'ida ɗaya. Ƙa'idar ita ce ka jingina bayanka da tsamiya, ka yi taku sittin miƙe, inda ka tsaya nan ne tsakiya. Haka Dogo ya yi, haka nake yi duk farkon kaka.

Gola ya zauna daɓas a ƙasa don dariya. "Dogon da ke sunkuyawa in zai wuce ƙarƙashin raga? Takunsa sittin da naka sittin? Ga gwiwarka da ta fara ciwo tun ina firamare! Wallahi shi ya sa in ina ragar gabas, kafin in gyara safar hannu an iso kaina!"

Kunya ta kama ni, don gaskiya ya faɗa. Shekara da shekaru tsakiyar fili tana rarrafawa wajen tsamiya, ba wanda ya lura. Kyaftin kuwa abin nema ya samu. Ya fito daga rami yana kaɗe wando.

"Kun ji ko? Ba ni na ɓata ba, tsakiya ce ta ɓata! Abin da muke buƙata ƙafar Dogo ce."

"Dogo ya rasu shekara ashirin, Yaya."

"Ƙafa irin tasa ba ta rasu ba."

Ranar Talata ya bi gari ya tattaro dogaye uku: mai askin bakin tasha, direban bas ɗin ƙungiya, da wani malamin lissafi mai ritaya. Ya jera su a gindin tsamiya kamar masu shirin tsere. Mai aski ya fara, yana ƙirga da ƙarfi, ya kai talatin da takwas sai ya hango wani da ya saba yi wa aski, ya tsaya suka gaisa har da tambayar iyali, sannan ya ci gaba daga hamsin. Direba ya tashi tiryan-tiryan, amma shekara ashirin yana kauce wa ramukan titi, ƙafarsa ta manta miƙaƙƙiyar hanya, ya ƙare kusa da tutar kwana. Malamin lissafi ya yi nasa daidai, sai dai kowane taku sai ya tsaya ya duba ko ya yi daidai da na baya.

Wuri uku daban-daban. Kowa ya kafe nasa ne na Dogo.

"Ni na yi wa Dogo aski shekara goma," in ji mai aski.

"Kansa ka sani, ba ƙafarsa ba," in ji direba.

Kyaftin ya ɗaga hannu ya ce shi mutum ne mai adalci, ba zai ɓata wa kowa ba, a tona duka ukun. Da aka tona ba a samu komai ba, malamin lissafi ya ciro biro ya ce ai kuskure aka yi, tsaka-tsakin ukun ya kamata a nema. Aka tona na biyar. Na ruga kantin taya na gaya wa Shugaba, ya ce in yi haƙuri, an riga an buga takardun gayyata da hoton kofi a jiki. Na tambaye shi ina ya samu hoton. Ya ce Kyaftin ne ya kwatanta wa mai zane.

Ranar Laraba Kyaftin ya zo da sabon tunani. Wai ya tuna Dogo da baya-baya yake tafiya, yana jan igiya. Aka sake jera dogaye, wannan karon suna kallon tsamiya. Mai aski ya kai arba'in da ɗaya, muka neme shi muka rasa, sai muryarsa muka ji daga ramin malamin lissafi yana cewa, "Arba'in da biyu, ku ciro ni!" Kafin la'asar ramuka sun zama tara.

Unguwa ta taso kallo. Wata mai sayar da dashe ta zo da 'yan itatuwan mangwaro a kwando, ta ce tunda an riga an haƙa, asara ce a bar su haka. Wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko rabon filayen gini ake yi, a sa sunansa. Koci ya ce shi ba zai fasa atisaye ba, ya sa 'yan wasa su riƙa yanke ramukan kamar abokan gaba, ya kuma ce bai taɓa ganin sun yi yanka mai kyau haka ba. Ana cikin haka aka bugo wani ƙwallo sama, Gola ya fito da gudu yana ihun "Nawa ne!", ya yi tsalle, ya cafke, ya sauka, ya ɓace. Ƙwallon kawai muke gani a bakin rami, hannu biyu na riƙe da shi. Aka ciro shi da targaɗe.

Na koma gida ko abinci ban iya ci ba. Na ce wa matata, "Yayanki zai kashe ni."

Ta ce, "Ni za ka gaya wa? Mutumin da tun muna yara in an aike shi sayen gishiri sai ya dawo da labari? Ɓoye shebur."

Na ɓoye shebur da diga a ƙarƙashin gado. Ranar Alhamis ya zo da shebur goma sha biyu na aro, da wani ƙaton maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar lasifikar gidan kallo. Ya ɗaura masa igiya, ya rataya a kafaɗa, ya riƙa jan sa daga raga zuwa raga kamar mai huɗa.

"Wannan kimiyya ce, Gajere. Akwatin ƙarfe ne, dole ya amsa."

Maganaɗisu ya tara ƙusoshi cike da hula, da cokali biyu, da makullin motar Shugaba da ya ɓata shekara shida, wanda saboda shi ya kori mai gadi. Duk inda ya ɗan yi nauyi sai a tona. Sau ɗaya ya manne da barona, mutum huɗu suka raba su. Da yamma na ƙirga ramuka goma sha uku. Sai can wajen layin gefe, gaban bencin manyan baƙi, maganaɗisu ya kafe a ƙasa ya ƙi motsi.

Kyaftin ya cire hula. "Nan ne. Kada kowa ya taɓa. Wannan na ranar Asabar ne."

"Yaya, nan babban bututun ruwa ya bi."

"Bututu ya san tarihi ne?"

"Ni na san bututu. Ta nan nake jona tiyo."

"Hassada dai, Gajere. Shekara talatin kana taka kofi ba ka sani ba, yanzu kana jin haushi wani ya gano."

Ranar Juma'a tun da sassafe ni da 'yan wasa muka mayar da ƙasa cikin ramuka goma sha uku. Na yanko ciyawa daga bayan raga na lulluɓe kowanne, na daddanna da ƙafa, ina yi ina ba ta haƙuri. Daga nesa fili ya yi kama da zanen da ya sha faci, amma na ce in Sufeto mai raunin ido ne, wataƙila mu tsira.

Sufeto ba mai raunin ido ba ne. Ba ma namiji ba ne. Wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, da tef ɗin awo a hannu da littafi a hammata, ko murmushi ba ta yi. Ta iso ranar Asabar ina kan jan layin ƙarshe, barona cike da farar ƙasa, mazubina a ciki. Benci ya cika maƙil, masu busa ƙaho sun jeru a cikin fili, Magajin Gari ya zauna a gaba da fararen kaya.

Kyaftin ya fito cikin tsohuwar jesinsa, wadda yanzu ta tsaya masa a saman cibiya. Ya karɓi lasifika ya yi jawabin minti arba'in. A cikin jawabin reshen tsamiya ya zama bishiyar gaba ɗaya, wadda muke gani yanzu wai tohonta ce. Sannan ya ɗauki diga ya tsaya inda maganaɗisu ya kafe.

Sara na farko, ƙasa. Na biyu, ƙasa. Na uku muka ji ƙwal!

Fili ya ɗauki sowa. Masu ƙaho suka busa. Kyaftin ya juyo ya nuna ni da yatsa. "Gajere, ka ji muryar tarihi?"

Na yar da igiyar layi na ruga ina ihu, "Yaya, don girman Allah kada ka ƙara!"

Ya ƙara.

Jama'a, ban taɓa sanin garin nan yana da ruwa haka ba, mu da famfonmu ke tari kafin ya ɗiga. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi raga tsawo. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, don haka Kyaftin ya fara sha, ya yi zaman 'yan bori a taɓo, diga a gefe. Daga nan ruwan ya karkata kan bencin manya. Magajin Gari ya tashi zai gudu, ya bi ta cikin fili, ya taka faci na farko. Sabuwar ƙasa ta sha ruwa ta saki, ƙafarsa ta nutse har gwiwa, ya zaro ta ba takalmi. Mai babban ƙaho ya je taimako, rami na biyu ya karɓe shi, ƙahon ya yi wani kuka kamar saniya. Ɗaya bayan ɗaya facina suka riƙa lotsawa. Sufeto tana tsaye a kan kujera, tana nunawa da biro tana ƙirgawa a fili: "Goma sha ɗaya. Goma sha biyu."

Ni hankalina ya tafi kan ciyawar gaban raga, wadda ta fi ba ni wahala a duk filin. Na fizgo mazubina daga baro na shiga kwarfe ruwa kamar mahaukaci, ina kwarfa yana dawowa. Ina cikin haka na ji wani abu ya ɓare a hannuna. Daskararriyar farar ƙasar ce ta jiƙa ta fara zubewa ɓawo-ɓawo. Ƙarƙashinta wani abu ja-ja ya haska.

Sufeto ta sauko daga kujera, ta bi ta cikin ruwa, ta miƙo hannu. Ta ciro hankici ta goge cikin mazubin da gefensa, ta gyara tabarau, ta karanta da ƙarfi. Sunan ƙungiyarmu ne, da shekarar farko, da kalmar "Zakara".

Direba ya samu ya rufe ruwa daga titi. Ruwa na ta ɗiga daga hular Magajin Gari.

Shugaba ya ce, "Kyaftin, ba ka ce ka binne shi ba?"

Kyaftin ya dubi kofi, ya dubi ramuka, ya dubi sama. "Ai... ƙasar ce ta yi tauri ranar. Na ajiye shi a sito, na ce gobe in dawo."

"Akwatin ƙarfen fa?"

"Wallahi Shugaba, na daɗe ina jin kamar akwai akwati."

Abin da ya fi ba ni mamaki, ba ƙarya yake yi a lokacin ba. Ya faɗi labarin nan sau dubu har shi kansa ya ga ramin, ya ga akwatin, ya ji nauyin shebur. Matata ta taso daga cikin mata, ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ta ce, "Yaya, mutane na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Naka goma sha huɗu ne, har da famfo." Dariyar da aka yi ranar, an ce an ji ta a tasha.

Ni ban yi dariya ba. Sufeto ta ja tef ɗinta daga raga zuwa tsakiya, ta sake ja daga ɗaya ragar, ta dube ni ta saman tabarau. Rabin gabas ya gaza na yamma da mita goma sha ɗaya. Ta tambayi wa ke jan layi, na ce ni ne. Ta rubuta, ta yage takarda ta miƙa wa Shugaba: an rufe fili kaka guda. Ramukan na Kyaftin ne, amma mita goma sha ɗayan nawa ne, ba wanda zan ɗora wa. Na shiga sito na rufe ƙofa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Wata tara muna zuwa garin gaba buga wasan gida, magoya bayansu na zuwa da shebur suna ɗaga mana. Wata tara filina shiru, daga ni sai Kyaftin, wanda ƙanwarsa ta yanke wa hukuncin tura baro kullum har sai ramin ƙarshe ya cike. Ya tura, yana yi yana ba baro labarin fenareti.

Ga abin haushin. Ƙasar da aka jujjuya ta kuma sha ruwa ta ƙoshi, sai ciyawa ta fito kore shar, irin wadda na yi shekara talatin da ɗaya ina roƙo ban samu ba. Sufeto ta dawo, ta auna, muka kafa ƙusa a tsakiyar gaskiya, ta buɗe mana fili. Har murmushi ta yi. Ta ce wa ya yi dabarar sassauta ƙasa haka? Kafin in buɗe baki, hannun Kyaftin yana sama.

Yanzu kofin yana ofishin ƙungiya cikin akwatin gilashi, an goge shi yana walƙiya, Kyaftin na zaune gefensa yana gaya wa baƙi yadda ya gano shi da kimiyya. Ni kuwa aka bar ni ba mazubi. Na gwada gwangwani, layi ya fito siriri. Na gwada kwano, ya fito kamar titi. Hannuna ya saba da awon abu ɗaya. Don haka duk jajiberin wasa sai in karɓi makulli in ce zan share ofis, in ɗauko kofi, in ja layina, in wanke shi in mayar.

Makon jiya ya kama ni a bakin raga, kofi cike da farar ƙasa. Ya dafe ƙirji.

"Gajere! Tarihi ne fa a hannunka!"

Na ce, "Yaya, shekara hamsin shi yana aiki, kai kana magana. Bar shi ya yi abin da ya iya."

Ya buɗe baki, ya rufe. Tun da na auri ƙanwarsa ban taɓa ganin haka ba. Sannan ya naɗe hannun riga ya kama mini baro, muka ja layin har tutar kwana.